Tuban da ya kamata ya kai bakin rumbu

'Yan'uwa a cikin Almasihu, musamman mu na ƙauyukan Kano da Jigawa, ina da magana kan makonnin nan da suka rage kafin Kirsimeti. A Katolika da Angilikan ana ware Lahadi huɗu kafin 25 ga Disamba domin jiran zuwan Ubangiji, ana farawa daga Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, firist kuma ya sa tufafi masu launin shunayya, alamar tuba. Mu 'yan ECWA ba mu cika bin wannan tsari ba, amma kiran tuba bai tsallake kowa ba.

Yanzu hunturu ya kankama, an gama sussuka, dawa ta shiga rumbu. Tela ba ya barci, Zumuntar Mata sun fitar da anko, 'yan kwaya suna koyon waƙa da daddare, kowa ya lulluɓe da mayafi, yaranmu na Abuja da Legas suna ta bugo waya kan ranar tahowa. Ban ƙi ko ɗaya ba. Wanda ya sha wahalar damina ya cancanci shinkafa da naman akuya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da tuba abin yi da baki kawai: a rufe ido a sujada, a ce Ubangiji ya gafarta mana, a fito a ci gaba daga inda aka tsaya.

Ku buɗe Luka sura 3. Da jama'a suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma a bakin Urdun suna tambayar abin da za su yi, bai tura su dogon azumi ba. Mai riga biyu ya ba marar ita, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji kada su ƙara a kan abin da aka yanka, sojoji su bar ƙwace, albashinsu ya ishe su. Duk maganar dukiya ce da haƙƙin mutane.

To mu fa? A watan Agusta, lokacin da rumbuna suka ƙare, wani ya ba gwauruwa 'yan kuɗin taki da na cefane, yanzu ya tsaya a ƙofarta yana neman buhu ninki biyu, kuma shi ne zai kai dami mafi girma ranar godiyar kaka. Wani kowace shekara garmarsa sai ta ci kunya ɗaya daga gonar ƙaninsa, har gamba da aka dasa a iyaka ta koma cikin tasa. Wata tana da kwano biyu, na saye daban, na sayarwa an ɗan bubbuge gindinsa. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda za mu kai wa abincin Kirsimeti kamar yadda suke kawo mana na Sallah, suna ganin wannan duka. Su ne muke auna wa hatsin.

Matta 5:23-24 ta ce idan ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, bai tsaya a tuban baki ba, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Na san da nauyi. Babba ya taka har zauren ƙaninsa ya ce na ci maka gona, wannan ya fi azumin kwana uku wuya. Amma haihuwar wanda ya bar ɗaukakarsa ya kwanta a komin dabbobi muke shirin yi wa biki.

Roƙona ga Baba Fasto da dattawan kowace ikilisiya: kun san gidajen da ba sa ga maciji da juna, kun san masu bin bashi da waɗanda ake bi. Kada ku jira wa'azin ranar 25. Ku ware yamma ɗaya a makon nan, ku ɗauki tabarma ku je gidajen, a kira mai unguwa idan maganar iyaka ce, a sake dasa gamba inda kakanni suka bar ta.