Jaje ba diyya ba ne: wa zai biya ɓarnar bututun ruwa a Kano?

Makon jiya bututun ruwa ya fashe a bayan layinmu da tsakar dare. Famfon da ya yi wata da watanni bai kawo ko ɗigo ba, muna ta sayen jarka a hannun 'yan garuwa, ranar da ya tashi kawowa sai ya biyo ta ƙarƙashin gidajen mutane. Kafin kiran assalatu katangar wata dattijuwa, ginin ƙasa tun na marigayi mijinta, ta sha ruwa ta zauna. Mai kantin da ke jikin gidan ya buɗe da safe ya tarar buhunan fulawa da sukari na jeren ƙasa sun koma kunu. Masu bututun sun zo bayan kwana biyu, suka haƙa, suka ɗaure, suka bar mana ramin.

Bututu ƙarfe ne, dole ya tsufa, balle a garin da tun shekarun 1930 yake shan ruwan Challawa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne maganganun wurin jaje. "Hajiya, a yi haƙuri, ƙaddara ce." Wani dattijo ma cewa ya yi: "Ku gode wa Allah ruwan ya fara zuwa, ai ba a ja da gwamnati."

Ƙaddara gaskiya ce, amma mu daina fakewa da ita. Da direban tifa ne ya ture katangar nan, da kafin hantsi an riƙe makullin motarsa har sai ya kawo bulo da siminti. Da shanun makiyayi ne suka shiga gona, da an yi kiyasin ɓarna a gaban dagaci. Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya lalata dukiyar wani lamuninta na wuyansa, kuma hadisin "ba cuta, ba cutarwa" bai ware ma'aikatar gwamnati ba. Hukumar da ke kawo takardar kuɗin ruwa, ta yanke maka idan ka ƙi biya, ta ci ladan kuturu, to aski ya kama ta.

A Ingila, inda muka gaji tsarin kotunanmu, dokar ruwa ta 1991 ta ce idan ruwa ya kufce daga bututun kamfani ya yi ta'adi, kamfanin zai biya, ba sai an tabbatar da sakacinsa ba. Mu kuwa me muka riƙe? Dokar kare jami'an gwamnati, wadda asalinta tun 1916 ne, zamanin Turawa. Ta ba ka wata uku kacal ka shigar da ƙara, kuma a 1998 Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomi, ba ma'aikaci shi kaɗai ba. Wata uku! Bakano ba ya fara da lauya. Zai je wurin mai unguwa, a kai shi gaban dagaci, a rubuta takarda, a ce oga ya yi tafiya, a dawo bayan Sallah. Ladabin da aka tarbiyyantar da shi a kai shi ne zai cinye masa wa'adin. In ma ya yi sa'a ya ci shari'a, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu na jiransa: ba za a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba sai Antoni Janar ya yarda. Wato ka roƙi lauyan wanda ka kayar ya ba ka izinin karɓar haƙƙinka.

Masu cewa biyan diyya zai tsiyata hukuma har ruwan ya ƙara wuya, su fara gaya mana wane ruwa. Masu kawo buhun shinkafa da kyamara kuma su sani tallafi kyauta ce, diyya bashi ne.

Majalisar dokokin jiha na iya gyara wannan da sakin layi ɗaya: bututun hukuma ya yi ɓarna, a kiyasta, a biya cikin wa'adi, a kuma tsawaita watanni ukun nan. Dattijuwar dai ta kafa zana inda katangarta take, kwana tara ke nan cikin kwanakinta casa'in, kuma har yanzu ba wanda ya gaya mata ana ƙirgawa.