Wai In Cire Lanƙwasar Ƙ Saboda Intanet Ba Ya Jin Hausa

Abin da aka yi min ranar Asabar, har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. A wata cibiyar koyar da kwamfuta ne a nan Kano, inda na zuba kuɗin adashena don in koyi tsara shafin intanet na shagon littattafaina. Tun da muka fara, a jikin allo ake koya mana HTML, wato yaren da ake tsara shafin intanet da shi. Malam ya rubuta h1 ya ce wannan babban kanu ne, p sakin layi, href kuma shi ke kai mutum wani shafin, mu kuwa mu kwafe a littafi. Wuta babu, janareta sai in mai wurin ya ga damar sayen mai. Koyon tuƙin mota a kan tabarma kenan, amma duk na haɗiye.

To ranar sai Allah Ya kawo wuta. Na samu kwamfuta, na buga shafina na farko da hannuna, da Hausa tsantsa. Ina buɗe shi sai na ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗalibi" ya zama "É—alibi". Duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suke, wani shirme ne ya zauna a wurin. Na ɗaga hannu.

"Malam, don Allah zo ka ga abin nan."

Bai ɗago ba. Yana latsa waya, yana murmushi shi kaɗai. Sai da na sake magana ya taso yana jan silifas, ya leƙa ta saman kafaɗata, ko sunkuyawa bai yi ba.

"Alhaji, wane yare ne wannan?"

"Hausa ce mana."

"To ai shi ya sa. Wa ya ce ka yi da Hausa?"

Na ce masu sayen littattafaina Hausa suke karantawa. Sai ya juya wajen 'yan aji, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Ku ji fa, Alhaji zai koya wa intanet Hausa!" Aka kwashe da dariya. Yaron nan na girme shi nesa ba kusa ba. Na danne, na ce to yaya za a gyara?

"Ka cire lanƙwasar. Ka sa k da d da b kawai, kowa zai gane. Kwamfuta ba ta san waɗannan ƙugiyoyin naku ba."

Naku! Bahaushe ɗan Bahaushe, da Hausa yake yi min magana, amma ƙugiyoyin "namu" ne. Na ce Malam, in na cire, ta yaya mai karatu zai raba ƙafa da kafa? Ya ce shi ba darasin Hausa aka ɗauke shi ya yi ba, in ina son Hausa in tafi jami'a. Ya koma kujerarsa da wayarsa. Madalla da gwani.

Wata yarinya 'yar sakandare da ke gefena ce ta duba a wayarta, da datarta, ta miƙo min. Layi ɗaya ne tak: meta charset="utf-8", a saka shi cikin sashen head, wato sashen farko na shafin. Shi ke gaya wa burauza, manhajar buɗe shafuka, da wane tsari za ta karanta haruffan. In babu shi sai ta yi hasashe, ta ɗauki tsohon tsarin harsunan Turai, ta raba ƙ gida biyu. Na saka, na ƙara lang="ha" a saman shafin don nuna da Hausa aka rubuta shi, haruffana suka fito tas. Wannan fa darasin makon farko ne. Tsarin shafukan intanet da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, tun 1989 don duniya ta yi musayar ilimi, shi ne wani ke ce min ba ya ɗaukar Hausa, alhali BBC Hausa da Aminiya da Wikipedia ta Hausa suna nan kullum a wayar da yake latsawa.

Amma shi ma wa ya koya masa? Kowa ya kama shago ya jera tsofaffin kwamfutoci biyar, ya zama cibiya, yana buga satifiket mai zanen zinare, babu hukumar da za ta leƙo ta tambayi me ake koyarwa. A 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin 3MTT, wai za a horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani. Da wace wutar? A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu. A Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Yaron da zai kalli bidiyon darasi sai ya zaɓa tsakanin data da kuɗin adaidaita.

Su kansu masu yi mana wa'azin tattalin arzikin zamani, je ka buɗe shafukan ma'aikatunsu ka ƙirga nawa ne ke da Hausa. Lokacin zaɓe ne kaɗai harshenmu ke da amfani, a rediyo da jikin fosta, kuma ko a fostar ma lanƙwasar a cire take.