Sauya mai riƙe bindiga ba ya kawo ƙarshen tawaye

Tun watan Satumban 2025 da mayaƙan JNIM, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi mai alaƙa da al-Ƙa'ida, suka fara ƙona tankokin mai a hanyoyin da ke shiga Bamako, har gwamnati ta rufe makarantu na mako biyu saboda ƙarancin fetur, wasu masu sharhi suka sake ɗauko tsohuwar waƙarsu: a ƙaro makamai, a saki hannun soja, a daina sauraron masu kare haƙƙin ɗan Adam, cikin wata shida za a gama. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin ita ce dai aka yi mana lokacin da aka sallami Faransa. Faransa ta jibge soja kusan 5,000 a Sahel ƙarƙashin rundunar Barkhane, ta fice daga Mali a Agustan 2022 ba tare da ta kashe wutar ba. Aka kawo sojojin hayar Wagner na Rasha, aka kori dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a 2023, aka yi watsi da yarjejeniyar zaman lafiya ta Aljas da 'yan tawayen arewa a Janairun 2024. A garin Moura, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojan Mali da baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500 a Maris na 2022. Idan sakin hannu ne magani, ai an riga an sake shi. Me ya haifar?

Masu wannan ra'ayi suna son kafa hujja da tarihi, to mu je tarihin. Duk makarantar soja da ke koyar da yaƙi da 'yan tawaye, misalin da take fara kawowa shi ne Malaya, Malesiya ta yau, inda Birtaniya ta yi shekara 12, daga 1948 zuwa 1960, tana fafatawa da 'yan gurguzu, kuma ta yi nasara. Amma a duba yadda nasarar ta zo. Mayaƙan ba su wuce dubu takwas ba a lokacin ƙarfinsu, yawancinsu 'yan asalin Sin ne, waɗanda mafi yawan Malayawa ba sa tare da su. Babu wata ƙasa maƙwabciya da ke zuba musu makamai. Aka kwashe mutum kusan rabin miliyan da ƙarfin tsiya aka killace su a sababbin ƙauyuka masu shingen waya, zaluncin da masu yabon Malaya ba sa son tunawa. Kuma abin da ya karya gadon bayan tawayen shi ne alƙawarin 'yancin kai, wanda aka cika ranar 31 ga Agustan 1957. Mutumin da ke daji yana cewa yana yaƙar mulkin mallaka, sai ya wayi gari mai mulkin mallakar ya tattara nasa ya nasa. Janar Templer da kansa, wanda ya jagoranci yaƙin daga 1952, ya ce harbi kashi ɗaya ne kacal cikin huɗu na aikin.

Aljeriya kuwa ita ce gwajin tsantsar ƙarfi. Faransa ta zuba soja sama da 400,000, ta tara kusan mutum miliyan biyu a sansanoni, ta azabtar da fursunoni a birnin Aljas a 1957 har ta wargaza ƙungiyar FLN mai yaƙin neman 'yancin kai a cikin birnin. A fagen fama ta ci. A 1962 ta fita, domin kowane mutum da aka azabtar ya bar 'yan'uwa da ba za su taɓa yafewa ba.

Za a ce ai Siri Lanka ta murƙushe 'yan tawayen Tamil a 2009. Tsibiri ne, mayaƙan sun tsaya riƙe ƙasa kamar sojan gwamnati har aka matse su a bakin teku, fararen hula dubbai suka mutu. Duk wanda ya kwatanta wannan da hamadar da ta ratsa ƙasashe uku bai dubi taswira ba.

Ba kuma ina goyon bayan salon Amurka na lallashin jama'a da rijiyoyin burtsatse ba ne. A 2007 Amurka ta ƙara soja kusan 30,000 a Iraƙi, kashe-kashe suka ragu, musamman da ƙabilun lardin Anbar suka juya wa al-Ƙa'ida baya. Gwamnatin Firayim Minista Maliki ta yi watsi da waɗannan ƙabilu, a Yunin 2014 birnin Mosul ya faɗa hannun ƙungiyar IS. A Afganistan sojan Amurka ya kai 100,000, Janar McChrystal ya yi alƙawarin kai wa garin Marjah gwamnati a shirye kamar kaya a akwati, amma ranar 15 ga Agustan 2021 Taliban ta shiga Kabul. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin Afganistan shi ne kotu. Manomi mai rikicin gona ya san alƙalin gwamnati zai ci hanci ya ja shari'a shekaru, na Taliban kuwa zai yanke cikin kwanaki, hukuncin kuma ya zauna. Babu jirgin yaƙin da ke gyara wannan.

Haka abin yake a tsakiyar Mali. Masu iƙirarin jihadi sun samu gindin zama ne ta rikicin makiyaya da manoma, da jami'an gandun daji masu tatsar talaka, da mayaƙan sa-kai na ƙabila da gwamnati ta zura wa ido. Suna kashe mutane, suna karɓar zakka da bakin bindiga, ba na wanke su ko kaɗan. Amma ƙauyen da ya ƙulla sulhu da su ba aƙida ya bi ba, lissafin rai ya yi: sojan gwamnati yana zuwa da rana ya koma barikinsa, su kuwa suna nan da dare.

Soja yana da aikinsa, shi ne ya tsare hanya ya tsare gari ya zauna. Bayansa sai alƙali mai gaskiya, da hukunta sojan da ya kashe farar hula a bainar jama'a, da kwance ɗamarar 'yan sa-kai. Sannan a yi magana da duk wanda za a iya ɓallewa daga cikin masu ɗauke da makami. Birtaniya ta yi hakan a Arewacin Ayaland a 1998, Kolombiya ta yi da 'yan tawayen FARC a 2016 bayan yaƙin sama da shekara 50. Mahukuntan Bamako sun gwada Faransa, sun gwada Wagner, yanzu suna gwada magajinta Africa Corps, har yau ba su gwada wannan da gaske ba.