Kayan Sallah Da Baitoci

Babbar Sallar 2023 ta riske ni a wani hali. Wata guda kafin ta, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai na kasuwar Argungu ya rufa mata baya a guje, har yadin da ake ɗinka wa yara. Ni kuwa malamin firamare ne, ’ya’ya huɗu, da babur ɗaya da na jingine a zaure don ya fi ƙarfina. Rago dai tun da wuri muka yi sallama da shi. Kayan sallar yara ne suka hana ni sakat.

Ina kwance wani dare, ruwa na dukan kwano, dabara ta faɗo mini. Ai riga tsufa take yi, takalmi ya tsinke, amma waƙa ba ta mutuwa. Nana Asma’u ta rasu tun 1864, har yau mata na rera waƙoƙinta, wa ke tuna tufafin da aka ɗinka a shekarar? Na yanke shawara bana kowane yaro baitoci zai sa.

Kada a ɗauka da ka na shiga. A kwalejin ilimi an koya mana aruli, wato ilimin awon waƙa, yadda Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya fitar da karuruwa 15, Ahfashu ya ƙara Mutadarik suka cika 16. Da ƙyar na tsallake jarrabawar, amma tsallakewa ai tsallakewa ce. Na zaɓi ’yar ƙwar biyu, mai layi biyu a kowane baiti, don ƙwar biyar aikin manya ne, na kuma ɗauki “ci” a matsayin amsa-amo, saboda da na leƙa rumbun sai na gan shi maƙil: mutunci, karamci, aminci, adalci, zumunci, shugabanci. Na buɗe da sunan Allah da salati yadda magabata ke yi, na shiga rabo ba ƙaƙƙautawa. Babban ɗana ya kwashi mutunci da jagoranci da shugabanci. Kulu ta samu karamci da zumunci, na haɗa mata da likitanci tun tana aji huɗu. Auta, wadda ko magana ba ta fara ba, zuciya ta ɗebe ni na tsallako na zuba mata aminci da sassauci da duk wani abu mai daɗi da ya rage.

Da na waiwayo kan Bello, na uku, ɗan shekara bakwai, rumbu ya yi ƙasa. Abin da ya saura su ne zalunci, butulci, jahilci, lalaci, ƙauyanci. Na ciji biro har ya fashe. Can wajen asuba na tsinci kalmomi biyu da ba zagi ba ne, kuma, tsakani da Allah, babu ƙarya a cikinsu:

Bello na ukku gwanin faɗi-tashi,
Ba shi da wasa wurin cin abinci.
In ko ya ƙoshi ba ya da rigima,
Ko bisa tabarma sai ya yi barci.

Ni a ganina wannan yabo ne. Yaro mai ci da barci ai lafiyayye ne.

Ranar Sallah bayan an sauko Idi, aka ci tuwon shinkafa, na sa aka shimfiɗa tabarma ƙofar ɗakin Inna. Yara suka zauna cikin kayan ƙaramar Sallah da aka wanke aka goge, suna kallon hannuna ko akwai leda. Na zaro takarda. Na gyara murya. Mabuɗi ya wuce lafiya, har Inna na amsa salati. Sai na ɗaga murya:

Usmanu babba magajin gidanmu,
Allah ya ƙara ma dubun mutunci.

Carbin Inna ya tsaya cak.

“Mi kac ce?”

Na ce, “Waƙa ce, Inna.”

“Na ji waƙa ta. Sunan wa kak kira?”

Ga wanda bai san gidanmu ba: yaron nan ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mahaifina ya ci. Tun ranar suna ba wanda ya taɓa jin sunan a bakina ko bakin uwarsa. Mu Abba muke cewa, Inna kuwa Maigida take ce masa, don ita sunan mijinta ne. Na fara bayanin cewa “Abba” gaɓa biyu ce, kari kuma uku yake nema a wurin. Inna ta ce, “Kari ya ci gidansu. Ɗan hwari, sunan ubanka, gaban matarka, gabana, da rana tsaka! Wanga boko ya gama da ku.” Ta juya mini baya, a haka ta saurari sauran.

Na ƙarasa da sanyin jiki. Ba wanda ya tafa. Ashe Kulu, da na yi wa fatan likitanci, lissafi take yi da yatsu. Ta ce Yaya ya samu shida, Auta bakwai, ita biyar, Bello biyu. Nan take tsakar gida ta koma wurin rabon naman layya, kowa na leƙen kason ɗan’uwansa. Abba na tambaya me Auta ta taɓa yi wa gidan nan da za ta fi shi. Kulu ta ce dama ta daɗe da sanin ba a son ta. Bello shi bai ce komai ba. Tambaya ɗaya ya yi, “Baba, to ina kayan?”

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Sai dai katangarmu gajera ce, kuma mutanen Kabi ba su jin abu mai kari su bar shi ya kwana. Garin da tun 1934 ake tara makaɗa da masunta bakin kogin Matan Fada, yaransa ma da kunnen waƙa ake haihuwarsu. Kafin yawon Sallah ya ƙare, baitocin mutunci da adalci ba wanda ya riƙe ko ɗaya, amma na Bello sun samu amshi, sun samu tafi, wani ma ya sa musu kiɗan gwangwani. Duk lungun da ya bi sai “Bello abinci, Bello barci.” Ya daina zuwa Islamiyya. Ya daina aike. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya rage cin abinci, don ya ƙaryata ni.

Maman Kulu ta bari sai da dare, sannan ta buɗe nata shafin, cikin ladabi, wanda ya fi faɗa ciwo.

“Malam, na ji waƙa, ta yi daɗi. Su yaran nan daga sama suka faɗo?”

Na ce ita ai waƙarta daban ce, tana tafe.

“A’a, bar ta, na yafe. Na ga dai kana ta neman kalmomi masu ‘ci’ har asuba. Akwai guda da ka tsallake, ga ta nan muna kwana da ita. Talauci.”

Na ja bargo.

Inna ce ta yanke hukunci. Bello a saya masa takalmi da yadi na wanke zuciya. Da sauran suka ji, suka ce su ma zukatansu sun yi datti. Na je wurin mai yadi na ci bashi, na biya tela kuɗin gaggawa bayan Sallah ta wuce, abin da ko mahaukaci ba ya yi. Da na haɗa lissafi, ya zarce abin da na guda tun farko.

Na ɗauka an rufe littafi. Ranar da aka koma makaranta, ina rubuta kwanan wata a allo, sai na ji daga bayan aji ana rerawa ƙasa-ƙasa, ana buga benci:

Baban Bello gwanin alƙalami,
Rigar Sallah ya ba mu baiti.
In ka ce mai Baba ina rago,
Sai ya ce maka yi mini salati.

Na juyo, aka yi tsit. Lokacin tara hedimasta ya kira ni ofis, ga takarda a gabansa an kwafe baitocin tsaf. Shi ma Hausa ya karanta. Ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa yana auna gaɓoɓin, ya ce akwai ɗan karaya a ɗango na uku, amma amsa-amon ya zauna, kuma wanda ya yi ta bai takura wa kalma ko ɗaya ba.

“Malam, gasar makarantu na tafe, muna neman mai waƙa,” in ji shi.

Na gyara zama, na ce to, in an ba ni mako biyu zan iya.

Ya ce, “A’a, yaron za ka turo mana.”