Alewar barci: abin da kwalbar melatonin ba ta faɗa wa iyaye

A wani kantin magani da ke Wuse na ji wata baiwar Allah tana tambayar "alewar nan ta barci", wai ɗanta mai shekara huɗu ba ya runtsawa sai sha ɗayan dare. Aka miƙo mata kwalba mai hoton 'ya'yan itatuwa, ta biya ta fita. Ba wanda ya tambaye ta ko likita ya ga yaron. Abin ya tsaya mini a rai.

Melatonin, sinadarin da ke cikin alewar nan, ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. Wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ne ke sakinsa idan duhu ya shiga, ya sanar da jiki cewa dare ya yi, haske kuma yana danne shi, har da hasken fuskar waya. Aaron Lerner na Jami'ar Yale ne ya gano melatonin a 1958. Wannan ce hujjar masu talla a Instagram: tunda jiki na yin sa, ai ba shi da illa. To, insulin ma jiki ke yin sa, amma ba wanda ke yi wa kansa allurarsa don ganin dama.

Ban ce ba shi da amfani ba. Wanda ya sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe daga Amurka ko China, dare ya zame masa rana, zai iya samun sauƙi da shi, kuma likitoci kan rubuta shi ga wasu yara masu larura ta musamman. Amma ga rashin barci irin namu na yau da kullum, ribar kaɗan ce. Wani nazari na 2013 da ya tattara gwaje-gwaje 19 ya nuna yana rage jiran barci da kusan minti 7 ne kawai.

Babbar damuwata ita ce abin da ke cikin kwalbar. A Amurka ana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci, don haka ba ya bin tsauraran matakan da magani ke bi. A 2017 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna samfura 31, suka tarar wani ya zarce abin da aka rubuta a jikinsa da kashi 478 cikin ɗari. A 2023 aka auna nau'in alewar guda 25 a Amurka, 22 ba su dace da rubutun kwalbarsu ba. Ke nan uwa na ganin ƙwaya ɗaya ta bayar, alhali ta yiwu ta bayar da uku. Yaro kuwa alewa ya gani. Idan ya samu kwalbar a kan madubi, sai ya ga ƙarshenta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce rahotannin yaran da suka haɗiyi melatonin a Amurka sun ƙaru da kashi 530 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2021. A Ingila, sai da takardar likita ake samunsa.

Manya ma su yi hattara, musamman masu shan maganin hawan jini, na ciwon suga ko na tsinka jini, da masu juna biyu.

Na san halin da iyaye ke ciki. Wadda za ta baro Mararaba ko Kubwa tun asuba don gudun cunkoso, ga zafi, ga ƙarar janareta har tsakar dare, dole ta nemi abin da zai kwantar mata da yaro. Ba laifinta nake gani ba. Laifin na tsarin da ya ajiye wannan kwalba kusa da bitamin C ne, ba tambaya ba gargaɗi. Ina roƙon NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su sauke na yara daga kan kanta, su riƙa auna abin da ake shigo da shi, su kuma wajabta wa mai kanti ya nemi takardar likita kafin ya miƙa wa uwa.