Kwalliyar da ba ta biya kuɗin sabulu ba

Babu abin da ke ƙona mini rai a wasan kurket kamar ɗan wasan da salonsa ke sa 'yan kallo tafi, amma allon maki ya ƙi shaidarsa. James Vince na Ingila ne misalin da ba na mantawa. Idan ya karkata ya aika ƙwallo ta gefen dama, sai ka rantse zai wuni yana bugu, amma da ya kai maki ashirin ko talatin, sai ƙwallo ta gogi gefen sandarsa ta faɗa hannun abokan hamayya masu jira a baya, a fitar da shi. Wasannin Test (wasannin ƙasa da ƙasa da ake kwanaki ana bugawa) 13 ya buga, bai taɓa cin maki 100 a shiga ɗaya ba. Ko ranar da ya kai 83 a birnin Brisbane na Ostireliya a 2017, gudun ganganci ya yi don neman ƙarin maki, Nathan Lyon na Ostireliya ya fitar da shi.