Ba masanan ne suka watsa radon a iska ba

Wani rahoto da na gani ya ce masana na bin sawun gurɓatacciyar iska har yankin Arktik, can ƙurewar arewacin duniya, ta hanyar auna sinadarai masu tururin nukiliya, sai na ga wasu sun tsorata, wai masanan ne ke watsa su. A'a, dama can suna nan. Radon-222, wani gas mai tururin nukiliya, daga cikin ƙasa yake tasowa, teku kuwa ɗan kaɗan yake fitarwa, kuma duk kwana 3.8 rabinsa ke ƙarewa. To in tashar binciken iska ta Alert da ke arewacin Kanada ta auna shi da yawa, ka san iskar ba ta daɗe da baro tudu ba. Agogo ke nan a cikin iska, kuma gaskiya dabarar ta burge ni. In ya ruɓe yakan rikiɗe har ya zama dalma-210, wato wani nau'in dalma mai tururin nukiliya, wadda ke manne wa ƙurar hayaƙi. Ita ma a hunturu take yawaita can, daidai lokacin da hazon masana'antun Turai da Rasha ke lulluɓe yankin. Sai dai rahoton ya tsallake wani abu: sinadaran nan hanyar da iska ta biyo suke nunawa, ba su faɗin masana'antar da ta yi ɓarnar.